Filin Tambaya da Amsa: Langston Hughes, mawaƙin talakawan Harlem

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonni da dama sun faɗo ne kan mutum ɗaya, wato Langston Hughes, baƙar fatan Amurka marubucin waƙoƙi da labarai, don haka sai na ga gara in tattara su wuri guda in amsa maimakon in riƙa tsinta ɗaya ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina karanta adabin Turanci, an ba mu waƙarsa ta koguna mu yi nazari kuma wlh ban san komai a kansa ba. Wane ne shi, ɗan ina ne, kuma me ya haɗa Ba'amurke da kogin Nilu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Yawwa ƙanwata, barka kadai. Cikakken sunansa James Mercer Langston Hughes, an haife shi ranar 1 ga Fabrairu a garin Joplin na jihar Misuri. Shekarar kuma za ki ga littattafai da yawa sun rubuta 1902 don shi kansa haka ya sani har ya bar duniya, sai a 2018 aka tono wasu tsofaffin jaridun Kansas da suka ambaci jaririn tun 1901, to yanzu 1901 ɗin aka fi tsayawa a kai. In tsohon littafi ne a hannun malaminku ki rubuta duka biyun ki yi bayani.

Bai tashi gaban iyayensa ba. Babansa ya karanci shari'a amma aka hana shi zama jarrabawar lauyoyi saboda baƙi ne, zuciya ta ɗebe shi ya bar ƙasar ya tare a Meziko, mamansa kuma tana yawon neman aiki gari gari, sai aka bar yaron wajen kakarsa ta wajen uwa, Mary Langston, a garin Lawrence na jihar Kansas. Wannan tsohuwa ki riƙe ta da kyau don ita ce tushen abin. Mijinta na fari, Lewis Leary, yana cikin waɗanda suka bi John Brown, wani Bature mai yaƙi da bauta, suka kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry a 1859 da niyyar 'yanta bayi, a can aka kashe shi, aka kawo mata mayafinsa duk hujin harsashi, ta adana shi shekara da shekaru har jikan ya taso ya same shi a gidan. Talauci ne a gidan sosai, amma tsohuwar ba ta yarda ta je aikatau gidan Turawa ba. Da dare ta kan ɗora shi a cinya ta ba shi labaran mutanen da suka yi gwagwarmaya, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a labaran kakarsa babu mai kuka, kowa ko dai yana aiki ko yana dabara ko yana faɗa. Ta rasu a 1915, daga nan ya koma wajen mamansa, ya yi sakandare a Cleveland ya gama a 1920.

To a wannan shekarar ce ya hau jirgin ƙasa zai je Meziko wajen babansa ya roƙe shi kuɗin jami'a. Kin ga tafiya ce mai nauyi, don uban mutum ne da ya tsani baƙar fata 'yan'uwansa, kullum cikin zaginsu yake wai ragwaye ne, shi kuma yaron yana son mutanensa kamar me. Yana cikin wannan tunanin ne da la'asar sakaliya jirgin ya hau gadar kogin Misisifi kusa da St. Louis, rana na faɗuwa a kan ruwan mai laka, sai ya tuna abin da kogin nan yake nufi ga bayi, don duk bawan da aka sa a jirgin ruwa aka gangara da shi kudu aka sayar to ya rabu da danginsa ke nan har abada. Daga nan tunaninsa ya tafi sauran kogunan da baƙar fata suka rayu a bakinsu, Furatu, Kwango, Nilu. Ya zaro ambulan ɗin wasiƙa daga aljihu ya rubuta waƙar a bayanta cikin 'yan mintuna, lokacin bai cika shekara 20 ba. Ita ce The Negro Speaks of Rivers, ta fito a watan Yuni na 1921 a mujallar The Crisis wadda W.E.B. Du Bois, fitaccen masani mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ke shugabanta. Abin da zan ce ki lura da shi wajen nazari, mai maganar cikin waƙar ba Langston ba ne shi kaɗai, al'umma ce gaba ɗaya take magana da baki ɗaya, tana gaya wa masu cewa tarihinta daga bauta ya fara cewa ta girmi bautar nesa ba kusa ba.

Uban dai ya yarda ya biya amma da sharaɗin injiniyanci zai karanta. Langston ya shiga jami'ar Columbia a Niyok a 1921, shekara ɗaya ya yi ya fita, karatun bai kwanta masa ba ga wariya a makarantar, ga kuma Harlem, unguwar baƙar fata, nan kusa tana jansa. Sai daga baya ya yi digirinsa a jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania ya gama a 1929.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, wani abokina ya ce wai mutumin nan ya taɓa zuwa Najeriya, na ce ban yarda ba. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya ɗan'uwa, ya zo kuma ba sau ɗaya ba.

Zuwan farko a 1923 ne, ba a matsayin baƙo mai daraja ba, yaron kicin ne a wani jirgin ruwa na dakon kaya, yana wanke kwanuka yana kai wa ma'aikata abinci. A littafin tarihin rayuwarsa The Big Sea da ya fito a 1940 ya ba da labarin yadda jirgin na barin gaɓar Niyok ya kwaso littattafan da ya tara ya watsa su cikin teku, don ji yake ya gaji da ganin duniya ta cikin takarda yana so ya gan ta da idonsa. Jirgin ya tsaya Dakar, ya tsaya Legas, ya shiga Burutu a yankin Neja Delta, ya gangara har Angola, ana lodin manja da katako da koko. Ya ga yadda Turawan jirgi ke wulaƙanta leburorin Afirka, abin ya tsaya masa a rai. Amma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, shi da ya taso yana mafarkin Afirka a matsayin gida, da ya ce wa mutanen bakin teku shi ma baƙi ne ɗan'uwansu sai suka dube shi suka yi dariya suka ce ai kai Bature ne, saboda fatarsa ja ce gashinsa kuma mai laushi. Ka duba fa, a Amurka ana korarsa daga gidan abinci don baƙi ne, ya zo Afirka an ce Bature ne. Ni a ganina wannan tafiya ta yi masa amfani duk da zafinta, ta cire masa Afirkar mafarki ta bar masa ta gaskiya. Shi ya sa daga baya da wata attajira Baturiya mai ɗaukar nauyinsa, Charlotte Mason, ta matsa masa lamba sai ya riƙa rubutu irin na mutumin dajin da ita take hasashe a ranta, ya kasa, ya ce shi yana son Afirka amma shi ɗan Kansas ne ɗan Harlem ne, kuma a kan haka suka ɓata a 1930 ya rasa tallafin kuɗin gaba ɗaya har ya kwanta ciwo.

Zuwa na biyu kuwa da gayyata ya zo. Jami'ar Lincoln ɗin da na ambata a sama ita ce Nnamdi Azikiwe ya yi, Kwame Nkrumah ma nan ya yi daga baya. Da za a rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar na Najeriya ranar 16 ga Nuwamba 1960 a Legas, Hughes na cikin manyan baƙi, Martin Luther King ma ya halarta, kuma Zik da baitocin wata gajeriyar waƙar Hughes kan matasa da gobensu ya rufe jawabinsa, mai waƙar na zaune yana ji. Mutumin da ya fara ganin Legas daga ƙofar kicin ɗin jirgi shekara 37 kafin nan. Ya sake dawowa Legas a Disamba 1961 tare da tawagar mawaƙa da makaɗa baƙar fatan Amurka ciki har da Nina Simone da Lionel Hampton. A 1962 yana taron marubutan Afirka na jami'ar Makerere a Kampala inda su Chinua Achebe da Wole Soyinka da Christopher Okigbo da Ngugi suka hallara, a 1966 kuma yana Dakar wajen babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da shugaba Senghor na Senegal ya shirya. Tunda daga Nijar kake rubuto wa, ƙila a makaranta kun karanta Senghor da Aimé Césaire da Damas, to dukansu sun karanta Hughes tun suna samari a Faris kuma ba su ɓoye tasirinsa a kansu ba.

Bai tsaya a ziyara kawai ba, ya yi wa marubutan Afirka hidima ta gaske. Ya yi alƙalancin gasar gajerun labarai ta mujallar Drum ta Afirka ta Kudu, ya riƙa musayar wasiƙu da matasan marubuta, ya tattara rubuce-rubucensu ya fitar a Amurka cikin An African Treasury a 1960 da Poems from Black Africa a 1963, a lokacin da yawancin masu karatu a can ba su ma san akwai masu rubutu a Afirka ba.

TAMBAYA: Malam ni waƙoƙinsa kaɗai na sani. An ce ya rubuta ƙagaggun labarai ma, waɗanne ne kuma sun kai waƙoƙin? Daga wani malamin sakandare a Kano.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan koyarwa. Dogon labari guda biyu ya rubuta, amma wanda za ka nema shi ne na farko, Not Without Laughter na 1930 wanda ya ci lambar zinare ta Harmon. Labarin wani yaro ne Sandy da ya taso a ƙaramin gari a Kansas a gidan kakarsa Hager mai sana'ar wanki da guga wa Turawa. Littafin ya buɗe ne da guguwa da ta zo ta yi awon gaba da barandar gidan tsohuwar. Tana da 'ya'ya mata uku kuma kowacce hanyarta daban. Annjee uwar yaron tana aikatau tana jiran mijinta Jimboy, mai kaɗa jita da ba ya zama wuri ɗaya. Tempy ta samu rufin asiri ta auri ma'aikacin gidan waya ta koma cocin manya, tana jin kunyar uwarta da kiɗan talakawa da duk wani abu mai warin baƙar fata. Auta Harriet kuma ta ƙi aikatau ta ƙi coci, ta sha wahalar duniya kafin ta zama mawaƙiya. Yaron yana tsakiya kowacce na jansa.

Akwai wurin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. An buɗe sabon wurin wasan yara a garin, jarida ta buga takardar shiga kyauta ta ce duk yaron da ya yanko ta zai shiga, yaran baƙar fata suka yanka suka yi wanka suka sa kayan kirki suka je suka bi layi, da suka iso ƙofa mai gadi ya ce ba da su ba, na Turawa ne. Babu duka babu zagi mai yawa, yara ne kawai tsaye bakin titi da takardu a hannu. Hughes ya iya wannan, ba ya ɗaga murya, ya nuna maka abin ya bar ka da shi. A ƙarshe yaron yana Chicago yana aikin tuƙa lif a otal, uwarsa na so ya ci gaba da kawo kuɗi, sai Harriet ɗin nan da aka ɗauka ta lalace ita ce ta tsaya ta ce makaranta zai koma ita za ta biya, don burin tsohuwa ke nan. Gaskiya ba littafi ne mai sarƙaƙiyar makirci ba, wani wurin ma yana jan ƙafa, amma mutanen ciki rayayyu ne.

Na biyun Tambourines to Glory na 1958, mata biyu ne da talauci ya ishe su a Harlem suka buɗe coci, ɗaya da zuciya ɗaya, ɗayar don kuɗi. Bai kai na farko ba. Gajerun labaransa na The Ways of White Folks na 1934 sun fi shi kaifi sosai, can ne ya fito da halin Turawan da ke cewa suna son baƙar fata amma so irin na mai kiwo. Ya yi wasannin kwaikwayo kuma, Mulatto ya hau dandalin Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo na Niyok, a 1935.

Amma in ka tambaye ni gwanintarsa ta zube, zan ce Simple ne. Daga 1942 yana da fili na mako mako a jaridar Chicago Defender, a 1943 ya ƙirƙiro wani mutum Jesse B. Semple da ake kira Simple, lebura ɗan asalin Virginia mazaunin ɗakin haya a Harlem, kullum yana mashaya yana hira da wani abokinsa ɗan boko. Hirar daga matsalar uwar ɗakin haya da kuɗin sakin matarsa ta fari da budurwarsa Joyce, sai ka ga ta zarce kan yaƙi da wariya da 'yan sanda, ɗan bokon na kawo hujjar littafi shi kuma Simple na kayar da shi da hujjar rayuwa. Sama da shekara 20 ana bugawa, mutane na jiran jarida saboda shi, an kuma tattara su littafi biyar, na farkon Simple Speaks His Mind a 1950. In ɗalibanka na ganin Turanci dodo ne ka gwada su da waɗannan.

TAMBAYA: Ni fa Malam ban ga abin zuzutawa ba. Waƙoƙinsa gajeru ne Turancin kamar na 'yan firamare, kuma na ji har baƙar fatan ma sun zage shi. To ina girman yake? Daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato.

AMSA: Madalla da wannan tambaya ɗan'uwa, kuma ba kai ka fara faɗa ba. Gaskiya ne sun zage shi. Littafinsa na farko The Weary Blues ya fito a 1926 an yaba, amma na biyun Fine Clothes to the Jew na 1927 jaridun baƙar fata suka yi masa ca, wata ta kira shi mazaunin kwata. Laifinsa shi ne ya rubuta waƙa kan masu goge tukwanen tofa yawu a otal, da 'yan caca, da matan da miji ya gudu ya bari, da wanda ya kai rigarsa jingina don ya ci abinci, kuma da irin Turancin da mutanen ke yi a titi. 'Yan bokon baƙar fata na lokacin so suke a nuna wa Bature likitoci da lauyoyi da masu kwat, a ɓoye sauran, don suna tsoron a ce ai ga irinta nan. Ina fahimtar tsoronsu wallahi, mutanen da ake rataye 'yan'uwansu a bishiya ba za ka ce ba su da dalilin damuwa da abin da za a faɗa a kansu ba. Amma shi ke da gaskiya. Tun a 1926 ya rubuta wata maƙala a mujallar The Nation, ya fara da labarin wani matashin mawaƙi da ya ce masa shi so yake a kira shi mawaƙi kawai ba mawaƙin baƙar fata ba, Hughes ya ce can ƙasan wannan magana so yake ya zama Bature, kuma wanda ke gudun kansa ba zai taɓa zama babban mawaƙi ba. Ya ce su matasa za su bayyana kansu yadda suke ba tsoro ba kunya, da kyawunsu da muninsu, Bature ya ji daɗi ko kar ya ji, baƙi ya ji daɗi ko kar ya ji.

Maganar sauƙin Turanci kuma, da gangan ne. Mutumin da ya fassara Lorca da Nicolás Guillén da Gabriela Mistral daga Sifaniyanci, ya fassara Jacques Roumain daga Faransanci, ba kalmomi ya rasa ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tsarin waƙar buluz ta baƙar fatan kudu, inda ake faɗin layi a maimaita shi sannan a kawo na uku ya warware, da kiɗan jaz na gidajen rawa, ya shigo da su cikin rubutacciyar waƙa, abin da kafin shi ana ganin bai dace da takarda ba. Don haka ba a karanta shi da ido kaɗai, ka tashi tsaye ka karanta da ƙarfi ka ji inda numfashi ke tsayawa.

Ɗauki Mother to Son ta 1922. Uwa ce ke gaya wa ɗanta cewa ita rayuwarta ba matakala ce ta ƙarau ba, akwai ƙusoshi akwai tsagaggun katakai akwai inda babu ko shimfiɗa, wani lokacin cikin duhu take hawa, amma tana hawa, don haka kar ya kuskura ya zauna. Babu kalmar da za ka buɗe ƙamus a kanta, amma je ka karanta wa duk matar da ta yi wankau ko ta soya ƙosai ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta ka ga ko za ta ce ba ta gane ba. Ko Harlem ta cikin littafin Montage of a Dream Deferred na 1951, layi 11 kacal, tambaya ce kan me ke faruwa da burin da aka yi ta ɗagawa, bushewa yake ko ruɓewa ko nauyi yake yi ya rinjayi mai shi, ko kuwa fashewa yake. Daga cikinta Lorraine Hansberry ta ɗauko sunan wasanta A Raisin in the Sun na 1959, kuma da tarzoma ta ɓarke a Harlem a 1964 mutane da yawa layin ƙarshen nan suka tuna.

Ba zan ce maka duk abin da ya rubuta zinare ne ba. Ya rubuta da yawa ƙwarai, wani don biyan kuɗin haya, don da alƙalami kaɗai yake ci, har ana yawan cewa shi ne baƙar fatan Amurka na farko da ya rayu da rubutu da karatun waƙa zalla. James Baldwin ma, wani fitaccen marubuci baƙar fata, a 1959 ya rubuta cewa baiwar mutumin na ba shi mamaki amma yana baƙin cikin bai yi abin da ya kamata da ita ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ta fuskar wasu waƙoƙin. Sai dai ni abin da ke ɗaure ni da shi, ya san wa yake rubuta wa. A 1931 ya samu tallafin dala 1,000 ya sayi mota ya shiga kudancin Amurka gari gari, coci coci, makaranta makaranta yana karanta waƙa gaban manoma da 'yan aikatau, ya buga wani ɗan ƙaramin littafi da ake sayarwa santi 25 don kowa ya iya saya. Ya kai musu har gida, kuma su ne suka haddace shi.

TAMBAYA: An ce ɗan gurguzu ne kuma bai yarda da addini ba. Yaya abin yake? Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Hajiya, ya karkata ga 'yan gurguzu sosai a shekarun 1930, wannan ba ɓoyayye ba ne. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ga shari'ar yaran Scottsboro su tara da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a Alabama a 1931, kuma 'yan gurguzu na cikin waɗanda suka fito suka kare su, sai ya ga nan ne ake jin kukan baƙi. A 1932 ya tafi Tarayyar Sobiyet cikin tawagar mutum 22 don shirya wani fim kan wariya, fim ɗin bai yiwu ba, shi kuma ya zarce Asiya ta Tsakiya ya zaga Tashkent da Samarkand da Bukhara. A 1937 ya je Sifaniya ya aiko wa jaridar Afro-American ta Baltimore rahoton yaƙin basasa. Amma ya sha faɗa cewa bai taɓa yankar katin jam'iyyar ba.

Wannan zamanin ne ya rubuta Goodbye Christ, waƙar da ta bi shi har kabari. Kalamanta masu zafi ne, ni kaina ba na jin daɗinsu, shi dai ya yi bayani cewa da masu kasuwanci da addini da masu fakewa da coci suna danne baƙi yake. Tun yana yaro ɗan shekara 12 akwai abin da ya same shi, an kai shi taron farfaɗo da imani a coci aka ce yara su tashi in sun ga haske, kowa ya tashi saura shi, jama'a na ta addu'a a kansa, sai ya miƙe don a huta alhali bai ga komai ba, da dare ya yi ta kuka don ya yi ƙarya. Duk da haka mutumin nan ya rubuta Black Nativity a 1961, wasan haihuwar Annabi Isa alaihissalam da waƙoƙin cocin baƙar fata, har yau ana yinsa duk Kirsimeti a Amurka.

A watan Maris 1953 kwamitin Sanata McCarthy mai farautar 'yan gurguzu ya kira shi Washinton. Bai ambaci sunan kowa ba, wannan a yaba masa, amma ya nesanta kansa da tsofaffin waƙoƙinsa, daga baya kuma ya fitar da littafin yara kan fitattun baƙar fata babu Du Bois a ciki, mutumin da mujallarsa ta fara buga shi. Wannan kam ya yi rauni, ko da matsin masu buga littafi ne. Tsoron rasa abinci ne ya kai shi, kuma a wancan lokacin an ga yadda aka ƙwace fasfon Paul Robeson, shahararren mawaƙi baƙar fata, aka toshe masa hanyar samu.

TAMBAYA: Ya yi aure? Yaushe ya rasu, kuma da wane littafi zan fara? Daga wani matashi a Garwa.

AMSA: Bai yi aure ba kuma bai bar 'ya'ya ba. Shekara 20 na ƙarshen rayuwarsa a Harlem ya yi su, a gida mai lamba 20 kan titin East 127th, lokacin da masu hali ke ƙaura daga unguwar shi ya ƙi tashi. A 1960 ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙar fata ta ba shi lambar yabonta ta Spingarn. Ya rasu ranar 22 ga Mayu 1967 a wani asibiti a Niyok bayan tiyatar da aka yi masa, an ƙone gawar bisa al'adar wasunsu, tokar tana binne ƙarƙashin daɓen cibiyar Schomburg ta nazarin tarihin baƙar fata a Harlem. A shekarar da ya rasu ma sai da ya fitar da tarin gajerun labaran marubuta baƙar fata, ya sa labarin wata yarinya da ba a san ta ba lokacin, Alice Walker.

Wajen karatu ƙanena, kar ka fara da babban kundin waƙoƙinsa, zai yi maka yawa. Nemi waƙoƙi huɗu a intanet, ta kogunan, da Mother to Son, da I, Too, da Harlem, ka karanta su da murya. Daga nan ka nemi The Big Sea don Turancinsa mai sauƙi ne kuma ka ji labarin Afirka da Faris daga bakinsa, sannan Not Without Laughter. In ka ji daɗin tafiye-tafiyen, ci gabansu na cikin I Wonder as I Wander na 1956. Sauran tambayoyin da suka shigo kan Zora Neale Hurston da rigimarsu da Hughes a kan wasan Mule Bone sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.